Kalmar "Source" ta Ingilishi da Takwarorinta na Hausa: Misalai daga Kogin Challawa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin matsalolin da ɗalibin fassara yake fara cin karo da su akwai ta kalma mai tarin ma'ana, wato kalma ɗaya da take ɗauke da ma'anoni da yawa waɗanda suke da dangantaka da juna. Harshen asali yakan tara ma'anonin a cikin kalma guda, harshen da ake fassarawa zuwa gare shi kuwa ya rarraba su ga kalmomi daban-daban. Kalmar Ingilishi "source" kyakkyawan misali ce. Ana samun ta a littafin labarin ƙasa da na kimiyya da na tarihi, ana samun ta a jarida da takardun kamfani, amma babu kalma ɗaya tilo ta Hausa da take zama a gurbinta a duk waɗannan wurare. Malamin da ya haddace mata fassara ɗaya zai dace a jimla ɗaya, ya kuskure a jimla biyar.

Wannan babi ya bi asalin kalmar da yadda ma'anarta ta faɗaɗa, sannan ya jera kalmomin Hausa da suka raba aikinta a tsakaninsu. An ɗauko yawancin misalan daga Kogin Challawa da unguwannin masana'antu na Kano, wato Sharaɗa da Challawa da Bompai, domin a wannan yanki kusan dukkan ma'anonin kalmar sun haɗu, kuma zaɓen kalmar da ta dace ya shafi ruwan da jama'a suke sha.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ba 'yar gida ba ce a Ingilishi. Ta shigo ne daga tsohon Faransanci, harshen da ya zama na fada da shari'a a Ingila bayan da Normandawa suka ci ƙasar da yaƙi a shekarar 1066. A wancan harshe akwai aikatau "sourdre", mai ma'anar tasowa ko ɓuɓɓugowa, kuma daga gare shi aka tsirar da suna "sourse", wato abin da ya taso. Shi kuwa "sourdre" ya gangaro daga aikatau na Latin "surgere", wanda aka gina da "sub", daga ƙasa, da "regere", miƙar da abu. Saboda haka ainihin hoton da ke cikin kalmar shi ne na abin da ya miƙe daga ƙasa zuwa sama.

Kalmar ta bayyana a rubutun Ingilishi a ƙarni na 14. Mawaƙin nan Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya yi amfani da ita ta fuska biyu: tashin tsuntsu sama, da kuma wurin da Kogin Po na Italiya yake farawa. Ma'anar tashin tsuntsu ta mutu, ta ruwa ta rayu. Daga ita sauran suka yi rassa: inda abu ya fito, abin da ya haddasa wani abu, sannan wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka fara kiran littafi ko takardar da aka ɗauko bayani daga cikinta da wannan suna.

Wannan saiwa ta Latin ta haifi wasu kalmomin da ɗalibi zai riƙa gamuwa da su. "Surge" tunkuɗowa ce, kamar ta ambaliya ko ta wutar lantarki. "Resource" abin da ake komawa gare shi a sake ɗiba ne, shi ya sa ake fassara jam'inta da albarkatu. "Insurgent" wanda ya tashi ya yi tawaye ne. A Faransancin yau kuwa kalmar tana nan da rubutunta iri ɗaya da na Ingilishi, don haka ɗalibin Maraɗi ko Damagaram yakan fara saninta da ma'anar idon ruwa.

3.0 Ma'ana ta Farko: Inda Ruwa Yake Farawa

A labarin ƙasa, kalmar tana nufin wurin da kogi ya faro. Hausa tana da kalmomi fiye da ɗaya a nan, kuma ba daidai suke ba. Idan ruwa yana fitowa daga ƙasa ko daga tsagin dutse da kansa, ana cewa marmaro ko idon ruwa ko maɓuɓɓuga. Idan kuwa ana nufin yankin da kogi ya faro, ko da babu wani ido guda da za a nuna da yatsa, kalmar da ta dace ita ce mafari.

Wannan bambanci yana da muhimmanci ga kogunan ƙasar Hausa. Kogin Challawa ya faro daga tuddan da ke kudu maso yammacin Kano, kuma ruwan damina ne yake ciyar da shi ta ƙoramu masu yawa da suke haɗuwa. Irin wannan kogi yana cika da damina, ya janye da rani ya bar yashi. Wanda ya rubuta "maɓuɓɓugar Kogin Challawa" ya sa ɗalibi ya zaci akwai wani rami guda da ruwa yake fita daga cikinsa dare da rana. "Mafarin Kogin Challawa" shi ne daidai.

Daga mafarinsa kogin yana gangarowa ta ƙasar Ƙaraye, inda aka datse shi da madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992. Daga nan ya biyo ta kudancin birnin Kano, ya haɗu da Kogin Kano, wanda shi ma aka datse a Tiga tun 1974. Ruwan nasu ne yake zama Kogin Haɗeja, ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da na Jama'are, ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi.

4.0 Ma'ana ta Biyu: Inda Ake Samun Abu

Ma'ana ta biyu ita ce wuri ko hanyar da ake samun abin buƙata. Ba lalle ne ya zama inda abin ya faro ba. Idan littafi ya ce Kogin Challawa "source" ne na ruwan Kano, ba yana nufin ruwan ya ɓuɓɓugo a Kano ba ne. Yana nufin daga nan ake ɗebo shi. Tun farkon shekarun 1930, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, aka kafa gidan ruwa na farko a bakin wannan kogi kusa da Fanshekara, ana turo ruwan ta bututu zuwa matattarar da ke kan Gwauron Dutse, daga can ya gangaro cikin gari. Daga baya an ƙara wasu matatun a Challawa da Tamburawa. A wannan muhalli Bahaushe ba ya neman suna guda, sai ya ce "inda Kano take samun ruwan sha". Haka nan "source of income" hanyar samun kuɗi ce, ba maɓuɓɓugar kuɗi ba, sai fa idan marubuci ya yi nufin adon magana.

Abin lura shi ne, wannan ma'ana tana canzawa gwargwadon inda mai magana yake tsaye. Ga mai famfo a Fagge, ruwansa daga matata yake. Ga injiniyan matata, daga kogi yake. Ga manomin fadamar Haɗeja kuwa, ruwansa ya dogara ga abin da aka sako daga Tiga da Challawa. Bayan gina madatsun nan biyu yanayin ambaliyar shekara-shekara ya sauya a fadamun, ciyawar kacala ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Ke nan abin da aka yi a sama yana bayyana a ƙasa, ko da tsakaninsu tafiyar ɗaruruwan kilomita ce.

Masana'antu ma suna da inda suke samun kayan sarrafawa. Kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa sun dogara ga fatun awaki da tumaki da ake tarowa daga mahautai da kasuwannin Arewa da maƙwabtan ƙasashe, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta daɗe da yin suna saboda laushi da ƙarko. Tarihin wannan fata ya nuna yadda suna yake iya ɓoye asali. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar jemammiyar fata daga Kano su ratsa Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta ƙetara Turai, inda aka riƙa haɗa ta cikin abin da ake kira fatar Maroko. Mai saye ya san inda ya samo ta, bai san asalinta ba. Ingilishi zai iya kiran Kano da Maroko duka da kalma ɗaya. Hausa ta raba: Kano ce asali, Maroko kuwa zango ce.

A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 harshen kasuwanci ya mai da kalmar aikatau, da ma'anar nemo kaya daga wani wuri. Wannan amfani ya yawaita a takardun gwamnatin Nijeriya bayan da aka shigo da shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da kuɗin waje ya yi wuya aka matsa wa masana'antu su nemi kayan sarrafawa a cikin gida. Fassararta a nan ita ce samo ko nemo, kuma ɗafin "-o" na waɗannan aikatau ya riga ya ɗauki ma'anar kawowa daga can zuwa nan.

5.0 Ma'ana ta Uku: Tushen Matsala

Hausawa suna cewa ruwa ba ya tsami banza. Ma'ana ta uku ita ce abin da ya haddasa wani hali, galibi maras daɗi: cuta, ko rikici, ko gurɓata. A nan Hausa tana amfani da tushe ko musabbabi ko dalili, kowanne da matsayinsa. Tushe yana nuna wurin da abin ya fito, musabbabi yana nuna abin da ya jawo shi, dalili kuwa ya fi karkata ga hujjar da aka yi abu dominta.

Misalin da ya fi shahara a tarihin kiwon lafiya shi ne na likita John Snow. A 1854, da kwalara ta ɓarke a wata unguwa ta Landan, ya bi gidajen waɗanda suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa yawancinsu daga famfo guda na titin Broad suke ɗiban ruwa. Famfon shi ne tushen annobar. Musabbabinta kuwa ƙwayar cuta ce da ta shiga ruwan, wadda ba a tabbatar da ita sosai ba sai bayan shekaru.

Irin wannan bin sawu ake yi a Kano. Majema ta gargajiya, irin ta cikin birni, tana jima da bagaruwa da toka. Ta zamani kuwa tana amfani da sinadarai masu zubar da gashi, sannan ta jeme fata da gishirin kuromiyom, wanda yake ba ta launi shuɗi-shuɗi. Aikin yana cin ruwa mai yawa, kuma ruwan da ya fito yana ɗauke da ragowar waɗannan sinadarai idan ba a tace shi ba. Hanyoyin da yake bi sanannu ne: na Bompai yana shiga rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, ya taru a madatsar Wasai ta wajen Minjibir, na Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa Kogin Challawa, na unguwar masana'antu ta Challawa, a ƙaramar hukumar Kumbotso, yana gangarawa kogin ta magudana. A gefen waɗannan rafuka akwai masu lambu da suke ban ruwa, akwai masunta, akwai makiyaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuromiyom a ruwan sha kada ya wuce miligiram 0.05 a kowace lita.

Masana muhalli sun raba tushen gurɓata gida biyu. Akwai mai tushe ɗaya, wanda za a iya nuna bakin bututun da yake fitowa. Akwai kuma watsattse, kamar taki da maganin feshi da ruwan sama yake wankowa daga gonaki masu yawa, ko sharar da take zubowa daga unguwanni. Na farko doka tana iya kama shi, domin yana da mai shi. Na biyu sai da gyaran ɗabi'ar jama'a. Nijeriya ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a 1988, bayan da aka gano guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko. A 2007 aka kafa hukumar NESREA, a 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin da suka shafi masaƙu da majemu.

A nan ne nauyin mai fassara yake bayyana. Kogi ɗaya shi ne "source" na ruwan sha, magudanar da take zuba cikinsa kuma "source" ce ta gurɓata. Idan an fassara sanarwar lafiya aka kira su duka biyu "tushe" ba tare da bayani ba, mai sauraro zai iya fahimtar cewa kogin ne ya haifi cutar, alhali kogin shi ne aka cutar.

6.0 Ma'ana ta Huɗu: Inda Aka Samo Bayani

A aikin jarida, mutumin ko ofishin da ya ba da labari shi ne majiya. 'Yan jaridar Hausa sukan ce "wata majiya mai tushe", kuma wannan furuci ya haɗa kalmomi biyu da Ingilishi yake kira da suna ɗaya: majiya ita ce inda aka ji, tushe kuma shi ne abin da ya sa za a amince da ita. Labarin da ba shi da tushe shi ne jita-jita.

A aikin bincike kuwa ana cewa madogara ga abin da aka kafa hujja da shi, manazarta ga jerin ayyukan da aka duba. Masana tarihi sun raba madogara gida biyu: ta asali, wato takarda ko shaidar da ta fito daga zamanin da ake magana a kai, da ta biyu, wato sharhin da wani ya yi daga baya. Tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci madogara ce ga mai nazarin masarautar. Fassarar Ingilishi da H. R. Palmer ya buga a 1908 ta riga ta yi nisan taki ɗaya daga asali. A misalin Challawa, sakamakon awon ruwan da aka ɗebo daga kogi madogara ce ta asali, rahoton jarida a kan awon kuwa ta biyu ce.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga ɗalibin da ya tashi a makarantar ilimi. Malaman hadisi sun daɗe da kafa ilimin isnadi, inda ake bin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya har zuwa wanda ya ji da kunnensa, a kuma auna gaskiyar kowannensu da ƙarfin haddarsa. A fagen adabi ma ana bin tushen labari. An san cewa Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turai, ya sake musu tufafi irin na Hausa. Sanin tushen bai rage darajar aikin ba. Shi ne ma yake nuna gwanintar da aka yi wajen sarrafa shi.

Zamanin kwamfuta ya ƙara wata ma'ana. Rubutun umarnin da mai tsara manhaja ya yi da hannunsa shi ne tushen manhajar, kuma tun 1998 ake kiran manhajar da aka bar wannan rubutu nata a fili, kowa ya duba ya gyara, da suna "open source", wato mai buɗaɗɗen tushe.

7.0 Ginin Kalmomin Hausa

Idan aka dubi kalmomin da aka lissafa za a ga sun kasu kashi uku. Kashi na farko tsirarru ne da aka gina da ɗafa-goshi "ma-" a jikin aikatau, irin ginin majema da marina da mahauta: fara ta ba da mafari, ɓuɓɓuga ta ba da maɓuɓɓuga, ji ta ba da majiya, dogara ta ba da madogara, nazarta ta ba da manazarta. Kowace tana bayyana aikin da ake yi a wurin. Kashi na biyu ita ce tushe, wadda ma'anarta ta farko gindin tsiro ce, kamar yadda 'yar'uwarta ta fito a karin maganar nan, tushiya mafarin dawa. Kashi na uku na aro ne daga Larabci: asali, da salsala mai ma'anar sarƙar zuriya, da musabbabi, da dalili.

Akwai darasi a cikin wannan. Ingilishi ya ɗauki hoton ruwa mai tasowa ya shimfiɗa shi a kan komai. Hausa ta fi jingina ga hoton tsiro da gindinsa, ta kuma ware wa kowane fage kalmarsa. Ba talaucin kalmomi ne ya hana Hausa samun fassara ɗaya ba. Ta dai rarrabe abin da wancan harshe ya dunƙule.

8.0 Kurakurai da Hanyar Koyarwa

Kurakurai uku sun fi yawa a rubutun ɗalibai. Na farko shi ne ɗaukar fassarar da ta zo farko a ƙamus a liƙa ta ko'ina. Ƙamusoshin Ingilishi zuwa Hausa, irin na Neil Skinner na 1965 da na Roxana Ma Newman na 1990, kayan aiki ne masu amfani, amma muhallin jimla shi ne yake yanke hukunci. Na biyu shi ne rikita "source" da "resource": kogi albarka ce ga Kano, kuma shi ne inda take samun ruwa, amma jimlolin biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba. Na uku na shifta ne: a lafazin Ingila "source" da "sauce" sautinsu ɗaya, alhali ta biyun romon abinci ce, kuma asalinta kalmar Latin ce mai nufin abin da aka sa wa gishiri.

Hanya mafi sauƙi ita ce malami ya koya wa ɗalibi yin tambaya kafin ya fassara. A ina abin ya faro? Mafari ko asali. Daga ina yake fitowa daga ƙasa? Marmaro ko maɓuɓɓuga. A ina ake samun sa? Inda ake samu, ko hanyar samu. Me ya jawo shi? Tushe ko musabbabi. Wa ya faɗa? Majiya. Da me aka kafa hujja? Madogara. Zai kyautu malami ya zana taswirar kogin da ke kusa da makarantarsa a kan allo, ɗalibai su ɗora kowace kalma a inda ta dace.

9.0 Kammalawa

An ga cewa kalmar ta taso daga Latin, ta biyo ta Faransanci, ta shiga Ingilishi da ma'anar tasowa, sannan ta faɗaɗa zuwa mafarin kogi da wurin samu da musabbabi da majiya. An kuma ga Hausa ta raba waɗannan ma'anoni ga kalmomi na gida da na aro. Malamin da ya saba wa ɗalibansa tambayar inda abu ya fito, ruwa ne ko fata ko labari, ya koya musu fassara, ya kuma koya musu kada su sha ko su yarda da abin da ba su san tushensa ba.

Jinga

1. A bayyana bambancin mafari da maɓuɓɓuga, tare da misalin kogi ko rafi na yankin ɗalibi.
2. A kawo sunaye biyar masu ɗafa-goshi "ma-" da ba a ambata a wannan babi ba, a nuna aikatau da kowanne ya tsira daga gare shi.
3. A rubuta sanarwa mai jimla biyar ga masu lambun bakin rafi, a yi amfani da tushe da musabbabi da majiya, kowace a muhallinta.
4. A ɗauko rahoto ɗaya daga jaridar Hausa, a fitar da majiyoyinsa, a tantance wadda ta gani da ido da wadda ta ji daga wani.